Ƙananan Sulallan Kolofon: Yadda Ake Ƙirga Kuɗin da Talakan Girka Ya Riƙe

A gidan adana kayan tarihi na Ashmolean da ke Jami'ar Oksfod a Ingila akwai wata dukiya da wani mutum ya ɓoye a yammacin ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wajen ƙarshen ƙarni na 6 kafin Miladiyya, bai kuma komo ya ɗauki abinsa ba. Ba tulin zinariya ba ce. Sulalla ne na azurfa fiye da 900, haɗe da guntayen azurfa sama da 70 waɗanda ba a buga musu hatimi ba. Abin da ya bambanta wannan dukiya shi ne ƙanƙantar sulallan. Mafi yawansu nauyin kowane bai wuce gram 0.21 ba, wasu kuma sun ninka haka, wato kimanin gram 0.43. In aka tattara sulallan duka aka ɗora a sikeli, ba za su kai gram 300 ba. A fuskar kowane akwai kan Afolo, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, a bayansa kuma akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu inda ƙarfen bugu ya shige. Masana sun danganta su da birnin Kolofon.

Waɗannan 'yan sulalla sun tayar da tambayar da ta fi su nauyi: nawa ne adadin irinsu da birnin ya buga? Babu littafin baitulmali da ya saura, babu takardar maƙera. Duk da haka amsar tana da muhimmanci, domin a kanta ne za a san ko kuɗi a farkon zamaninsa kayan sarakuna da attajirai ne kawai, ko kuwa tun da wuri ya sauko hannun mai sayen burodi da kifi a kasuwa.

Birnin da ya koyi kuɗi a wurin maƙwabta

Kolofon ɗaya ne daga cikin birane 12 na Iyoniya, wato garuruwan Girkawa da suka zauna a gabar yammacin Asiya Ƙarama. Kangonsa yana kudu da birnin Izmir na yanzu. Ba a bakin teku yake ba, tasharsa ta jiragen ruwa ita ce Notiyon, kuma a ƙasarsa ne wurin bautar Afolo na Kilaros yake. An san mutanensa da dawaki da wadata. Gabas da shi daular Lidiya take, wadda Sardis ce hedkwatarta, kuma masanin tarihi Hirodotas ya ruwaito cewa Sarki Gaijis na Lidiya ya ci Kolofon da yaƙi tun a ƙarni na 7.

A wannan yanki ne aka fara buga sulalla. Hirodotas ya ce Lidiyawa ne suka fara buga kuɗin zinariya da azurfa, kafin shi ma wani ɗan Kolofon, masanin falsafa Zinofanis, ya ba Lidiyawa wannan matsayi. Haƙar da Baturen Ingila D. G. Hogarth ya yi a 1904 zuwa 1905 a haikalin Atimis na Afisa, maƙwabcin Kolofon, ta fito da sulalla na farko-farko, na wani gaurayen zinariya da azurfa. A tsakiyar ƙarni na 6 Sarki Kirisas na Lidiya ya raba ƙarafan biyu, ya buga zinariya zalla da azurfa zalla. Ba a jima ba Sairus na Farisa ya kayar da shi wajen shekara ta 546, biranen Iyoniya suka koma ƙarƙashin Farisawa. A cikin shekarun da suka biyo baya ne Kolofon ya shiga buga nasa sulallan, bisa ma'aunin nauyin da aka gada daga Lidiya. Abin lura shi ne, bai fara da manya ba. Ya raba babban sulai gida 24 da gida 48, ya yi ta buga waɗannan ƙanana.

Ra'ayin da ya daɗe yana mulki

A 1964 Colin Kraay, wanda yake cikin manyan masana sulallan Girka a Oksfod, ya wallafa wata maƙala da ta yi tasiri ƙwarai. Ya duba ɓoyayyun dukiyoyin da aka tono, ya ga manyan sulalla ne suka cika su, ƙanana kuwa sai jefi-jefi. Daga nan ya yanke cewa yawancin biranen Girka ba su da isassun ƙananan kuɗi da za su ɗauki cinikin yau da kullum, don haka ba domin kasuwa aka ƙirƙiro sulalla ba. A ganinsa hukuma ce ta ƙirƙiro su don bukatunta: karɓar haraji da tara, biyan sojan haya, biyan manyan ayyuka.

Hujjarsa ta tsaya a kan abin da ido ya gani a lokacin, amma abin da ido ya gani ɗin an riga an tace shi har sau uku. Mai ɓoye dukiya ya fi zaɓen manyan sulalla, domin su ne ajiya. Mai haƙa ƙasa da ba ya tankaɗe turɓaya ba zai ga abin da faɗinsa bai wuce milimita 5 ko 6 ba. Dillalan kayan tarihi da masu tara su kuma sun fi son manya masu kyan zane. Saboda haka ƙarancin ƙananan sulalla a gidajen tarihi bai nuna ƙarancinsu a kasuwar dā ba. Da na'urorin gano ƙarfe suka yawaita daga shekarun 1970, sai ƙanana suka fara fitowa da yawa. A farkon wannan ƙarni Henry Kim ya tattara shaidun, a 2008 kuma shi da John Kroll suka wallafa cikakken nazari a kan dukiyar Kolofon. Makamin da suka yi aiki da shi shi ne ƙirgen hatimai.

Abin da guduma ta bari

Domin a gane wannan ƙirge, sai an leƙa maƙerar. Girkawa ba zuba sulallan azurfa suke yi a mazubi ba, bugawa suke yi. Mai zane yakan sassaƙa hoto a juye a kan ƙarfe mai tauri, tagulla ko baƙin ƙarfe. Wannan shi ne hatimin fuska, kuma a jikin uwar maƙera ake dasa shi. Sai a aza ɗan curin azurfa da aka auna a kansa, a ɗora wani ƙarfen a sama, wato hatimin baya, a maka masa guduma. Bugun ya fitar da hoto a ɓangarorin biyu. Hatimin baya, da yake shi ke shan guduma kai tsaye, ya fi saurin fashewa. Shi ya sa masu ƙirge suka fi dogara da na fuska.

Tun da hannu ne ya sassaƙa kowane hatimi, babu biyu da suke daidai. Wannan hancin Afolo ya ɗan fi tsawo, wancan gashinsa ya fi layi ɗaya, wani kuma ya tsage a gefe, tsagewar tana ƙara faɗi daga sulai zuwa sulai. Wanda ya zauna da madubin ƙara girma da haƙuri zai iya ware waɗanda suka fito daga hatimi ɗaya. Friedrich Imhoof-Blumer ɗan Suwizalan ne ya fara nuna amfanin wannan hanya a kan sulallan Girka a 1878, Edward Newell ya yi aiki da ita a kan kuɗin Iskandari Mai Girma a farkon ƙarni na 20, Erich Boehringer kuma ya tsara sulallan birnin Sirakus da ita a 1929. Aiki ne mai cin ido ko a kan babban sulai. A kan wanda bai kai rubu'in gram ba, inda rabin zanen kan faɗa wajen azurfar, wahalar ta ninka.

Sakamakon da aka samu a dukiyar Kolofon shi ne, sulallan nan 900 da 'yan kai sun fito ne daga hatiman fuska kusan 400. Wato kowane hatimi, in an daidaita, sulai biyu da ɗan ɗori kawai ya bari a hannun mai dukiyar. Da a ce birnin 'yan sulalla kaɗan ya buga don ado ko alfahari, da hatimi 10 ko 20 sun ishe shi, da kuma an ga fuska ɗaya tana ta maimaituwa. Birnin da ya cinye hatimi ɗaruruwa kuwa, maƙerarsa ba ta huta ba.

Hatiman da ba a gani ba

Amma 400 ɗin nan su ne waɗanda suka faɗo cikin ajiyar mutum guda. Akwai waɗanda aka yi aiki da su, ba ko ɗaya daga cikin 'ya'yansu da ya shigo hannunsa. Ta yaya za a ƙirga abin da ba a gani ba?

A nan ilmin lissafi ya shigo. A 1953 I. J. Good ya wallafa wata dabara da ya ce daga Alan Turing ya samo tushenta, lokacin da suke aikin warware saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park a Yaƙin Duniya na Biyu. Dabarar tana cewa: ka dubi nau'o'in da suka bayyana sau ɗaya tak a cikin samfurinka. In suna da yawa, to akwai da yawa da ba ka gamu da su ba tukuna. In kuwa kusan kowane nau'i ya maimaitu, ka kusa ƙure su. Giles Carter a 1983, da Warren Esty daga 1986 zuwa gaba, sun mayar da wannan tunani ƙa'idojin da masu nazarin sulalla ke aiki da su.

Mafi sauƙi cikin ƙa'idojin Esty ita ce: ninka yawan sulalla da yawan hatiman da aka gani, ka raba da bambancin da ke tsakaninsu. In muka ɗauki lambobi dunƙulallu, 900 sau 400 ya ba da 360,000, a raba da 500, a sami 720. Ke nan hatiman da Kolofon ya yi aiki da su na iya kaiwa wajen 700. Wannan lissafi ne na kusantarwa, kuma yana da sharuɗɗa. Ƙa'idar ta ɗauka cewa samfurin ya gauraye sosai, alhali ajiyar mutum ɗaya na iya ƙunsar sulallan da ya karɓa a tashi ɗaya, sababbi daga maƙera. Kamata ya yi kuma a ƙirga kowane girma daban. Sai dai duk yadda aka juya, abu ɗaya bai motsa ba: adadin gaskiya ba zai yi ƙasa da wanda aka gani da ido ba.

Sulai nawa hatimi ɗaya yake haifa?

Nan ne gardama ta fi zafi. Sanin yawan hatimai rabin tafiya ne, sai an san nawa kowane ya buga kafin ya mutu. Hanyoyi biyu aka bi.

Ta farko gwaji ce. A 1963 David Sellwood, injiniya kuma masanin sulalla, ya sassaƙa hatiman tagulla irin na dā, ya yi ta bugu. Daga yadda suka cinye ya ƙiyasta cewa hatimin fuska na iya buga 10,000 zuwa 16,000 in an gasa curin azurfar kafin bugu, ƙasa da haka in a sanyaye aka buga.

Ta biyu rubutun dutse ce. Wajen 336 zuwa 334 kafin Miladiyya, majalisar da ke kula da haikalin Delfi ta narkar da tsofaffin sulallan da ke taskarta, ta buga sababbi da sunanta. An sassaƙa lissafin a kan duwatsu, wani ɓangare nasa ya tsira. A 1983 Philip Kinns ya kwatanta nauyin azurfar da rubutun ya ambata da yawan hatiman da aka gano, ya sami tsakanin 23,000 da 47,000 ga kowane hatimin fuska. Wannan na cikin wurare ƙalilan a tarihin Girka inda lissafin hukuma da sulallan da aka buga suka haɗu wuri ɗaya. Kafin nan, a 1974, Michael Crawford ya yi amfani da 30,000 wajen ƙiyasta kuɗin Jamhuriyar Rum. François de Callataÿ ɗan Beljiyam kuma ya saba ɗaukar 20,000 a matsayin ma'aunin aiki ga manyan sulallan azurfa.

T. V. Buttrey bai yarda da wannan duka ba. A jawabansa na shugaban ƙungiyar masana sulalla ta Ingila, waɗanda aka buga a 1993 da 1994, ya ce aikin ba ya yiwuwa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Wani hatimi yakan fashe a bugun farko, wani ya yi shekara. Taurin ƙarfe, gwanintar maƙeri, zurfin zane, girman sulai, duk suna sauya adadin. A cewarsa, ninka abin da aka sani da abin da aka yi hasashe ba ya haifar da ilmi, yana dai sa wa hasashe rigar lissafi. De Callataÿ ya mayar da martani a 1995 cewa babu wanda ke da'awar sanin adadi daidai. Abin da ake nema shi ne iyaka ta ƙasa da ta sama, kuma in hatimai suna da yawa, masu gajeren rai da masu dogon rai sukan daidaita juna.

Gargaɗin Buttrey ya fi dacewa da ƙananan sulalla, domin gwajin Sellwood da lissafin Delfi duk a kan manya aka yi su. Ɗan ƙaramin curi ba ya bukatar bugu mai ƙarfi, don haka hatiminsa na iya daɗewa. A ɗaya gefen kuma, ɗan ƙaramin zane yana saurin shafewa, sassaƙa sabo kuma ba ya da tsada, don haka ana iya yar da shi da wuri. Mai adalci ba zai tsaya a lamba ɗaya ba. Zai jera su daga ƙasa zuwa sama, ya ga ko labarin ya sauya.

Abin da lissafin ya bayar

Mu bar hatiman da ba a gani ba, mu tsaya a kan 400. In kowane 1,000 kawai ya buga, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da duk abin da gwaji ya nuna, an sami sulalla 400,000. In 10,000 ne, an sami miliyan 4. In 20,000 ne, miliyan 8. Tazarar tana da faɗi, Buttrey kuma ya yi gaskiya da ya ce ba wanda zai nuna wa tabbatacciyar lamba yatsa a cikinta. Amma ko mafi ƙanƙantar lambobin nan ta isa ta rushe cewa ƙananan kuɗi abu ne mai wuyar samu. Ga birni matsakaici, a cikin 'yan shekarun farko na buga azurfa, dubu ɗaruruwan sulalla ba kayan ado ba ne.

Sai mu juya lissafin ta fuskar nauyi, inda darasi na biyu yake. Matsakaicin nauyin sulallan dukiyar kimanin gram 0.3 ne. Miliyan 4 ke nan sun cinye azurfa kilo 1,200. Babban sulan Atina mai hoton mujiya, wanda ya tashi dirakma 4, nauyinsa gram 17.2 ne. Hatimi ɗaya da ya buga irinsa 20,000 ya cinye kilo 344. Hatimi huɗu kacal sun wuce duk azurfar Kolofon ɗin nan. A ma'aunin Atina, inda talanti ɗaya yake kimanin kilo 26, kilo 1,200 talanti 46 ne. Masanin tarihi Tusididis ya ruwaito cewa a 415 kafin Miladiyya jakadun birnin Segesta sun kawo wa Atina talanti 60 na azurfa a matsayin albashin wata ɗaya na jiragen yaƙi 60. Wato sulalla miliyan 4 na Kolofon ba za su riƙe wannan runduna wata guda ba.

Wannan ne ya fayyace manufarsu. Hukumar da ke son biyan sojan haya ko aika haraji ga Farisa ba za ta wahalar da kanta da yanka azurfa gida 48 ba. Kowane ɗan sulai sai an auna curinsa, an ɗora, an buga, kamar dai babba, alhali darajarsa ba ta kai ko kusa ba. Ba a jure irin wannan wahala sai in akwai hannaye dubbai da ke jiran canji. Guntayen azurfar da aka samu tare da sulallan sun ƙara haske: da alama babban ciniki har lokacin da sikeli ake yin sa, a auna azurfa a biya, shi kuwa ƙaramin ciniki, wanda ɗauko sikeli dominsa ɓata lokaci ne, shi aka fara yi wa hatimi. Wanda ya san aikin da wuri ya yi a Kasuwar Kurmi ta Kano kafin zuwan sulallan Turawa ya san cewa kuɗi mafi ƙanƙanta shi ne ya fi yawan yawo.

Shaidar Atina

Abin da hatimai suka nuna a Kolofon, rubuce-rubuce sun tabbatar da shi a Atina bayan ƙarni guda. Dirakma, mai gram 4.3, ta kasu obol 6, kowane kimanin gram 0.72. An buga rabin obol, da rubu'insa, har da sumuninsa wanda bai kai gram 0.1 ba. Lissafin ginin haikalin Erektiyon na 409 zuwa 407 ya nuna ma'aikata na karɓar dirakma ɗaya a yini. Masu zaman shari'a, waɗanda ake zaɓen 6,000 kowace shekara daga cikin 'yan ƙasa, obol 2 ake biyansu a yini tun zamanin jagoran Atina Farikilis, aka ƙara zuwa 3 wajen 425. Wasannin barkwanci na Aristofanis sun nuna cewa a baki mutane ke ajiye waɗannan 'yan kuɗi in za su kasuwa, domin tufafinsu ba su da aljihu, sulallan kuma sun yi ƙanƙantar da za a riƙe a hannu ba su sulluɓe ba.

Wannan ƙanƙanta ce a ƙarshe ta kawo ƙarshensu. A rabi na biyu na ƙarni na 5, biranen Girkawa na Sisili da kudancin Italiya suka fara buga tagulla, inda ƙaramar daraja ke samun jiki mai kauri da za a iya riƙewa. A ƙarni na 4 al'adar ta bazu a duniyar Girkawa, har Atina ta bi sahu. Amma tagulla ba ita ta koya wa talaka ciniki da sulai ba. Ta tarar da kasuwar da ƙananan azurfa suka riga suka gina fiye da shekara ɗari.

Ƙirgen hatimai ba zai taɓa ba da lamba ɗaya tsayayya ba, kuma duk wanda ya rubuta "miliyan kaza" ba tare da faɗin sharuɗɗansa ba ya cuci mai karatu. Amma ƙin ƙirgawa ma ba tsira ba ce, domin shekaru da dama an gina tarihin kuɗi a kan abin da attajirai suka ɓoye da abin da gidajen tarihi suka zaɓa, aka ɗauka shi ke nan. Marubutan dā sun rubuta talantin sarakuna da kuɗin yaƙi, ba su damu da abin da mai sayar da zaitun ta karɓa ba. Hanyar da ta rage ta sanin girman wannan ciniki ita ce wannan aiki mai cin rai: a jera sulalla, a ware hatimai, a faɗi iyakar ƙasa da ta sama, a bar ƙofa a buɗe ga dukiyar da za a tono gobe. A yanzu ana gwada kwamfuta wajen daidaita hotunan sulalla, abin da zai sa a iya nazarin birane da yawa da ba a taɓa ƙirga hatimansu ba. Sai an yi wa biranen nan irin abin da aka yi wa Kolofon ne za a san ko shi kaɗai ya yi fice, ko kuwa haka kasuwannin Girka suke tun farkon shigar kuɗi.